Fifet Ɗin Malam Ɗigo

Takardar ta same ta ranar Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya, a hannun sakatariyar sashe. Layi huɗu ne kacal. Ana buƙatarta gaban kwamitin ladabtarwa ranar Laraba da ƙarfe goma na safe, kan zargin maguɗi a jarrabawar aikin hannu ta ɗakin gwaji.

Auta ta karanta sau biyu, ta ninke, ta sa a aljihun farar rigarta.

Maganar ba ta da tsawo. Ɗalibai arba'in da biyu na shekarar ƙarshe ne suka yi jarrabawar. An ba kowa ruwan asid daga tulu guda. Kowa zai zuƙi mililita ashirin da biyar da fifet, siririn bututun gilashin nan mai ƙullutu a tsakiya, ya juye a kwalba. Sai ya riƙa sakin wani ruwan daga buret, dogon bututun awo mai ɗan famfo a ƙasa, ɗigo bayan ɗigo, har launi ya juya ruwan hoda. Inda ruwan buret ya tsaya, nan ne amsa. Maki kuma ya danganta da yadda amsar ɗalibi ta kusanci wadda mai kula da ɗakin gwaji ya samu da hannunsa, ya rubuta a baƙin littafinsa.

Mutum arba'in da ɗaya sun faɗo tsakanin 23.90 da 24.10. Auta ta rubuta 24.30, sau uku a jere. A baƙin littafin ma 24.30 ne.

Shekara tara ba a samu ɗalibin da ya dace da littafin nan ba. Shi ya sa ake kiran mai littafin Malam Ɗigo, ana cewa hannunsa ba irin na mutane ba ne. Kuma daga masu shara har Farfesa, shugabar sashe, babu wanda bai san Malam Ɗigo na neman auren Auta, ɗalibar teburi na goma sha bakwai ba.

Da ta isa gida ta ga motar Yaya Babba a ƙofa, da rana tsaka, ranar aiki. Ta san labari ya riga ta.

Baba na kujerarsa, ya ɗora kumburarriyar ƙafarsa a kan ƙaramin teburi, rediyo a kashe. Mama na gefen doguwar kujera ta yi tagumi. Yaya Babba a tsaye yake, makullin mota a hannu.

"Ga ta nan, mai satar amsa," in ji shi.

"Yaya, ko sallama ban ƙarasa ba."

"Ƙarasa mana. Mu dai mun gama shan kunyarmu tun ƙarfe tara."

"Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya damu da gidan nan."

Dakta ke nan, malamin da ke koyar da kwas ɗin. Abokin Yaya Babba ne tun suna sakandare. Sau biyu yana aiko da maganar aurenta, sau biyu tana cewa a ba shi haƙuri.

"Bawan Allah ya kira ni muryarsa har rawa take yi," in ji Yaya Babba. "Ya ce da 'yar wani gida ce ko kallona ba zai yi ba."

"Ai shi ya kai ƙarar."

"Aikinsa ne! So kike ya ci amanar aikinsa kamar mai wanke kwalabenki?"

"Ba mai wanke kwalabe ba ne."

"Au, afuwa. Shugaban masu wanke kwalabe."

Mama ta ɗago. Idanunta sun yi ja.

"Auta, zo nan. Dube ni. Ni na haife ki, ba za ki yi min ƙarya ba. Ya ba ki amsar?"

"Bai ba ni ba, Mama."

"Kin leƙa littafinsa?"

"Wallahi ban leƙa ba."

"To aljanu ne suka raɗa mata," in ji Yaya Babba.

"Kai kuma yi min shiru." Mama ta kama hannun Auta ta riƙe gam. "Shekara biyar, 'yar nan. Shekara biyar ina wanke farar rigar nan ina gogewa, duk ta huhhuje da ruwan magungunanku. Maƙwabta har sun fara ce min maman likita. Na ce musu ba likita ba ce, suka ce ai duk farar riga ce. Yanzu saura wata biyu, in fita in ce musu me? In ce an koro ki saboda namiji? Yayyenki mata babu wadda ta kai inda kika kai. Ke kaɗai na sa wa ido. Me na yi miki?"

Hawaye na zuba a kan hannun Auta. Ba ta janye ba. Akwai abu guda da ba ta faɗa musu ba, don tana so ta fara jin ta bakin mai abin.

Baba ya yi gyaran murya. Kowa ya juyo gare shi.

"Magana ɗaya na yi a kan mutumin nan," ya ce. "Na ce ki kawo min takardar digiri in riƙe a hannuna, shi kuma ya turo manyansa. Ban dubi cewa difloma gare shi ba, ban dubi shekarunsa ba. Yayanki ya yi fushi da ni wata guda a kan haka. Har yanzu ina nan a kan maganata. Amma in aka kore ki, ki gaya masa ko a hanya muka haɗu kada ya gaishe ni."

Ya miƙa hannu ya kunna rediyonsa.

Ranar Talata babu darasi a ɗakin gwaji. Dogayen teburan nan shida, da aka raba gida takwas-takwas kowanne da lambarsa, da asid ya ci fuskarsu ya bar tabo fari-fari, duk a share suke. Famfon ƙarshe na ɗiga kamar kullum. A can baya, cikin ɗan ɗakinsa mai cike da jajayen kwalabe, Malam Ɗigo na ɗauraye buret yana jera su a kife.

Dogo ne, siriri, shekara talatin da bakwai. Bai taɓa kiran ɗalibi da suna ba, sai da lambar teburi. Ita ma da haka ya fara, sunan kuma ya zauna.

"Sha-bakwai," ya ce, bai juyo ba. "Bai kamata a gan ki a nan ba."

"An riga an gan ni shekara biyu. Yau ba za ta ƙara komai ba."

Abin da ba ta faɗa a gida ba shi ne wannan. Ranar jarrabawa, ana saura minti biyar a fara, ta ga bakin fifet ɗinta ya tsage. Na ajiya sun ƙare. Doka ta ce a sanar da malamin da ke sa ido, a rubuta, ya sa hannu. Mai sa idon kuwa Dakta ne. Malam Ɗigo ya zo wucewa da tiren kwalabe, ya ɗauke tsagaggen, ya ajiye mata nasa na kansa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Ko kallonta bai yi ba. A ranar ta ji daɗin abin har cikin ranta.

"Gobe sai mu faɗi maganar fifet," ta ce.

"Me za ta gyara? Laifi ne za ki ƙara min a banza. Aron fifet ba ya ba mutum amsa. Ki ce musu a ba ki ruwa ki maimaita a gabansu. Hannunki ne ya nuna, shi ke nan. Ni na koya miki."

"Ni ma haka na ɗauka."

Ta buɗe jakarta ta ciro littafin aikinta na shekara, ta shimfiɗa a kan teburinsa.

"Da safen nan na bi shi shafi-shafi. Gwaji goma sha ɗaya muka yi irin wannan. Duk goma sha ɗayan, inda 'yan aji suka faɗi nan na faɗi. Ban taɓa dacewa da kai ba, Malam. Sai ranar da na riƙe fifet ɗinka."

Ya ajiye buret ɗin da ke hannunsa a hankali.

"Me kike nufi?"

"Ina so in auna shi."

Ya yi dariya, amma ba ta kai idonsa ba.

"Ki auna fifet ɗina? Na tsohon ogana ne, wanda ya koya min aikin nan tun ke kina firamare. Da hannunsa ya ba ni ranar da ya yi ritaya."

"Ka taɓa ce min ya karye."

"Ƙasa da ƙullutun, shekara tara ke nan. Ni na haɗa shi da wuta a ɗakin nan. Nemo wurin haɗin in kin isa."

"Bayan ka haɗa, ka auna shi?"

"Na juye a silinda, ya tsaya cif a kan layi."

"Silinda, Malam? Kai da kake korar mu waje in ka ga mun auna da silinda? Kana cewa silinda ta masu sayar da kananzir ce?"

Ya jawo aljihun teburi ya ciro doguwar kwalin da fifet ɗin ke ciki. Ya ɗauki makullin ɗakin sikeli.

Ɗakin sikeli ƙarami ne, ba taga, don ko iskar numfashi tana motsa lamba. Ta ɗora busasshiyar kwalba, ta mayar da sikelin sifili. Ta fara da fifet ɗin makaranta. Ta zuƙi tataccen ruwa da ƙwallon roba, ta sauke shi har saman ruwan ya zauna a kan layi daidai idonta, ta sake shi a kwalba, ta rufe ƙofar gilashi.

Giram 24.91. Nauyin da ya kamata mililita ashirin da biyar na ruwa su yi ke nan.

Ta busar da kwalbar, ta ɗauki nasa. 25.22.

"Sake," ya ce.

25.21.

"Ba ni nan."

Ya yi da kansa, da hannun nan da ake ba da labari. 25.22. Ya ɗaga fifet ɗin saitin fitila yana juya shi. A ƙasan ƙullutun, inda wuta ta taɓa, gilashin ya ɗan buɗe ciki, kaɗan ƙwarai, yadda sai wanda ya san abin da yake nema zai gani. Ɗigo shida ne na ruwa, ko bakwai.

Ya zauna a kan kujerar ƙarfe.

"Ashe yaran ne ke da gaskiya," ya ce. "Duk shekarun nan."

"Eh."

"Shekara tara, Sha-bakwai. Kusan mutum arba'in kowace shekara. Da lambata ake yanke musu maki." Ya shafa fuskarsa. "Akwai wata mai ciki, teburi na huɗu, shekara biyar baya. Maki biyu ya hana ta fita. Ta maimaita shekara da goyo. Ta zo nan tana kuka, na ce mata ta koyi riƙe buret."

Tausayinsa ya kama ta. Ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta taɓa yi a makaranta ba.

"Kuskure ne. Ba da gangan ka yi ba. Gobe ka faɗa musu da bakinka, kafin su tambaya. Farfesa mace ce mai adalci."

"Adalci." Ya girgiza kai. "Kin san abin da za a yi? Za a kwaso littattafan shekara tara. Waɗanda suka faɗi za su ji, su dawo da lauyoyi. Jami'a za ta nemi wanda za ta ɗora wa, kuma ba Farfesa za ta ɗora wa ba. Ni ne mai difloma. Gidan da mahaifiyata take ciki na jami'a ne. Wata guda ake ba mutum ya kwashe kayansa. Tsohuwar da ba ta gani sosai, in kai ta ina?"

"To ya za mu yi?"

Ya daɗe yana kallon sikelin.

"Littafin a kan teburina yake zama," ya ce a hankali. "Kina shigowa. In kika ce kin gan shi a buɗe, ba da niyya ba, lambar ta zauna miki a kai..."

Ta miƙe tsaye.

"In ce ni ɓarauniya ce."

"Ban ce haka ba."

"Faɗa min yadda ake faɗarsa da ba haka ba."

"Ba za su kore ki ba! Shekara ɗaya za su ba ki. Yayanki na da Dakta, Dakta na da kwamiti. Ke kina da masu tsaya miki. Ni wa nake da shi? Shekara ɗaya ce, ki dawo ki gama, ina nan da aikina, mu yi aurenmu."

"Baba ya ce in an hukunta ni ko gaisuwarka ba ya so."

"Zai huce. Iyaye suna hucewa."

"Jiya Mama ta riƙe hannuna na rantse mata."

"Sha-bakwai, don Allah." Muryarsa ta karye, hawaye ya gangaro masa. "Saboda ke na ba da shi. Da na bar ki da tsagaggen fifet, da yau babu wanda ya san komai. Ban taɓa karya doka a ɗakin nan ba sai a kanki. Shekara goma sha biyar ina buɗe ƙofar nan ƙarfe bakwai. Ba ni da mota, ba ni da digiri, ba ni da komai sai sunan nan da ake kirana da shi. In an cire shi, me zan kai gidanku? Wa yayanki zai ce kin aura?"

"Wanda ya faɗi gaskiya ranar da take da tsada."

"Wannan a baki ne yake da daɗi."

Ita ma idonta ya cika. Ta goge da bayan hannu, sau ɗaya. Ta ɗauki fifet ɗin ta mayar cikin kwalinsa.

"Ba ni," ya ce.

"Zan sa shi a lokata. Gobe a gabansu kai za ka ce a ɗauko shi. Ni ba zan riga ka ba. Zan jira ka."

Ta fita ta buɗe lokar da ke ƙarƙashin teburi na goma sha bakwai, ta kwantar da kwalin a kan tawul, ta kulle. Yana tsaye a ƙofar ɗakin sikeli yana kallonta. Su biyun sun san makullan lokoki duka arba'in da takwas suna rataye a ƙusa a bayan ƙofarsa.

A kan matakala ta haɗu da Dakta, riƙe da fayil, yana ƙamshin turare. Ya tsaya mataki biyu sama da ita.

"Ƙanwata. Ban ji daɗin abin nan ba, Allah ya sani."

"Na gode, Dakta."

"Ki saurare ni, shawara ce ta ɗan'uwa. Ki ce idonki ya faɗa kan littafin bisa kuskure. Zan roƙa a tsaya a maimaita shekara. Ba zan bari a kore ki ba, ko don Baba." Ya rage murya. "Sauran maganar kuma, ni ban gaji da jira ba."

Ta dube shi. Cikin awa guda, maza biyu da ba sa ga-maciji da juna sun kawo mata ƙarya iri ɗaya, kowanne yana cewa don ita ne.

"Zan yi tunani," ta ce, ta raɓa ta wuce.

Ranar Laraba Yaya Babba ne ya kawo ta. Ya ce zai jira a mota, ba zai shiga a nuna shi da baki ba.

Ƙarfe tara da rabi ta shiga ɗakin gwaji ta buɗe loka. Kwalin na nan yadda ta bar shi. Ta buɗe. Fifet ɗin lafiya lau.

Ta sauke ajiyar zuciya. Yana da makulli, yana da yini guda, bai taɓa ba. Ta kulle lokar, ta tafi ɗakin taro da ƙarfinta.

Mutum biyar ne a kwamitin. Farfesa, shugabar sashe, mace mai furfura da tabarau a kan hanci, ita ce a tsakiya. Dakta na gefe da fayil ɗinsa. Malam Ɗigo na kujerar jikin bango, cikin farar riga sabuwar guga. Baƙin littafin na kan teburi.

Dakta ya karanta lambobin. Farfesa ta juya ga Malam Ɗigo.

"Malam, ka ba ɗalibar nan amsa?"

"Ban ba ta ba, ranki ya daɗe."

"Ka san yadda aka yi lambarta ta zo daidai da taka?"

Auta ta kafa masa ido. Ya dubi littafin, ya dubi tagar da ke bayan Farfesa.

"Ba zan iya cewa ba."

"Ina kake ajiye littafin?"

"A kan teburina."

"A kulle?"

"Ba kullum ba. Wannan sakacina ne, na amsa."

"Ɗalibai na shiga ɗakinka?"

"Ba a yarda su shiga ba."

"Ita fa?"

Ya sake duban tagar.

"Ɗalibar takan shigo."

Alƙalamin sakatariya na tafiya a kan takarda. Farfesa ta tambaye shi ko akwai wani abu da ya faru ranar jarrabawa da ya kamata kwamiti ya sani. Ya ce babu abin da yake tunawa. Ta tambaye shi ko yana da ƙarin bayani. Ya ce yarinya ce mai ƙoƙari, yana roƙon a sassauta mata.

Sai a lokacin ya dube ta. Babu tsoro a idonsa, roƙo ne kawai da natsuwa. Nan ta gane dalilin da ya sa bai taɓa lokar ba. Bai ga buƙata ba. Ya tabbata ba za ta iya ba.

"Ke fa?" in ji Farfesa. "Kina da abin cewa?"

"Ina roƙon minti biyu, ranki ya daɗe. Zan ɗauko abu a lokata."

Ta dawo da kwalin ta ajiye kusa da baƙin littafi. Ta faɗi yadda fifet ɗinta ya tsage, da wanda ya musanya mata, da abin da sikeli ya nuna jiya. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ba ta faɗi abin da aka roƙe ta ta ce ba.

Farfesa ta cire tabarau.

"Malam, naka ne?"

"Nawa ne."

"Da shi kake fitar da lambar littafin nan?"

"Da shi."

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. Farfesa ta miƙe.

"Mu je ɗakin sikeli."

Ɗakin bai ɗauke su duka ba, biyu suka tsaya a ƙofa. Farfesa ta ce ɗalibar ta zuba, sau goma. Ta ce tunda Malam ne ke da alhakin sikelin, shi zai karanta da ƙarfi, sakatariya ta rubuta.

Auta ta zuƙi ruwa, ta daidaita, ta sake. Kafaɗarsa na kusa da tata, tana jin numfashinsa.

"Ashirin da biyar, ɗigo biyu biyu," ya ce.

Ta busar, ta sake.

"Ashirin da biyar, ɗigo biyu ɗaya."

A na bakwai muryarsa ta dushe har Farfesa ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

Da aka gama, Farfesa ta karɓi takardar ta duba, ta yi ɗan lissafi a gefe da fensir.

"Babu maguɗi," ta ce. "Ɗalibar ta auna abin da aka ba ta, da kayan aikin da aka ba ta. Za a sake yi wa ajin maki gaba ɗaya. Malam, ka kawo min littattafanka na shekara tara da makullan ɗakin nan kafin ƙarfe biyu." Ta juya. "Dakta, shekara nawa kana sa hannu a makin kwas ɗin nan?"

"Shida, ranki ya daɗe."

"Shekara shida aji guda na faɗuwa gefe ɗaya, ba ka taɓa tambaya ba sai da mutum ɗaya ya dace. Kai ma ina son bayaninka a rubuce." Ta dubi Auta. "Je ki, 'yata."

Ta kai ƙarshen baranda ta ji takunsa a bayanta.

"Sha-bakwai."

Ta tsaya, ba ta juyo duka ba.

"Da kin bar ni na faɗa da kaina," ya ce.

"Na bar ka. Tambaya takwas ta yi maka, ina ƙirgawa."

"Na ɗauka kina sona."

"Na sani. A kan haka ka yi lissafinka."

Wasu ɗalibai biyu suka taho, suka gaishe shi da ladabi kamar kullum, don ba su ji ba tukuna. Ya amsa musu. Kafin su wuce ta sauka matakala.

Motar ta yi zafi a rana. Yaya Babba ya kwantar da kujera yana fifita da jarida. Ya tashi zaune da ya gan ta.

"Yaya? Kora ce ko shekara?"

"An wanke ni."

"An me?"

"An wanke ni, Yaya. Ka gaya wa Baba takardarsa za ta zo nan da wata biyu."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"To, alhamdu lillahi. Sai kuma mu shirya karɓar dangin mai kwalabe ke nan."

"Babu wanda zai zo."

Ya juyo ya dube ta da kyau. Idonta a bushe yake, tana kallon gaba. Bai tambaye ta dalili ba. Murmushi ya fara daga gefen bakinsa, ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, ya kasa.

Ko ƙofar mota ba ta gama rufewa ba, ya riga ya ɗauko waya yana neman lambar abokinsa Dakta.